Barcin Yaya Agogo

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin wankin nan, ko da na mako guda ne, ya san daga ƙarfe ɗaya da minti goma zuwa ɗaya da ashirin da biyar ba a neman Yaya Agogo. Ko gobara ce ta tashi, sai dai a fara kashewa kafin ta fito. Da an kaɗa ƙararrawar hutu za ta wanke hannu, ta buɗe kwanonta, ta cinye abin da ta zo da shi a tsaye, ba hira ba tayi. Daga nan sai ɗakin ajiya, can bayan kantar tawul, inda ta tara tsofaffin zannuwan gado da suka yage aka daina mayar wa masu su. Ta cire takalmi, ta ɗora ƙafa a kan buhun garin sabulu, ta rufe fuska da gefen ɗankwali, shi ke nan ta tafi.

Ba a tashin ta. Ba ta saita waya, ba ta ce wa kowa ya taɓa ta. Minti goma sha biyar cif za ta buɗe ido, ta zauna, ta yi hamma guda mai kyau, ta laluɓi takalminta. Abin da ya ja mata sunan ke nan. Shekara goma sha tara tana haka, har masu gadi suna cewa da fitowarta suke gyara agogonsu, ko da yake don su ji bakinta suke faɗa.

Kamfanin na wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal da asibitoci ne, mota ta kawo masu datti da safe, mota ta kwashi masu tsafta da yamma. Aikin Agogo a bakin babban injin guga yake, wanda ma'aikata ke kira Kada. Wata doguwar gangar ƙarfe ce mai juyawa, zafinta ya isa ya gasa nama. Mutum biyu ke ciyar da ita. Ɗaya ta kama kusurwar zani ta dama, ɗaya ta hagu, su ja shi ya miƙe, su ɗora bakinsa a kan bel ɗin da ke jan shi ciki, su saki a tare. A taren nan duk aikin yake. In ɗaya ta riga saki, ko hannunta ya yi sanyi, zanin karkacewa yake ya murɗe, kuma ba hannun mai laifin yake kamawa ba, na abokiyar aikinta yake naɗewa.

Abokiyar aikin Agogo ita ce Gajera, wadda sai ta hau wani katako kafin kafaɗarsu ta zo daidai. Shekara takwas suna riƙe zani ɗaya. Ba sa ƙirga ɗaya, biyu, uku kamar sababbin zuwa. Numfashin juna suke ji, su saki. Gajera baki gare ta kamar rediyo, Agogo kuwa sai ta yini ba ta yi magana goma ba, amma ba a taɓa jin kansu ba.

A gida babu zancen barcin kirki. Shekara uku ke nan da hawan jini ya buge mijinta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar, kalma ɗaya yanzu, ɗaya sai an jima. Da rana surukarta, matar babban ɗanta, ke kula da shi. Da dare aikin Agogo ne: a juya shi kada bayansa ya yi gyambo, a ba shi ruwa, a kai shi bayan gida, a dawo da shi. Maganinsa da ganin likitansa duk a kan katin asibitin da kamfani ke ba ma'aikaci da iyalinsa suke. In babu aikin, babu katin. Wannan kowa a gidan ya sani, ba sai an faɗa ba.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja. Bai fi sa'an babban ɗanta ba, ga tsafta, ga saurin tafiya, irin mutanen nan da ke shafa yatsa a jikin taga su duba ƙura. A yi masa adalci, ba mugu ba ne. Shi ya gyara famfon bayan gida da ya shekara biyu yana zuba, shi ya sa aka ƙaro fankoki. Matsalarsa guda ce: bai taɓa tsayuwar awa takwas a gaban abu mai zafi ba, don haka a wurinsa gajiya wata cuta ce da ke kama malalata kawai.

Ran nan ya zo da baƙi biyu daga wani babban otal, yana zagayawa da su yana nuna musu tsaftar wurin. Tsautsayi ya sa ya tura ƙofar ɗakin ajiya ƙarfe ɗaya da kwata. Abin da suka fara gani tafin ƙafa biyu ne a kan buhun sabulu, sai wani ɗan minshari siriri da ke fitowa daga ƙarƙashin ɗankwali.

"Ita ma a cikin kayan wankin take?" in ji ɗaya baƙon, ya tuntsure da dariya.

Manaja ya yi yaƙe, ya ja ƙofa. Kunya ta kama shi har kunnensa, kuma irinsu in sun ji kunya ba sa yafewa da wuri. Ƙarfe biyu aka aiko kiran Agogo zuwa ofishinsa, wani ɗaki mai bangon gilashi da ke kallon zauren aiki gaba ɗaya.

"Mama, nan wurin aiki ne ko masauki?"

"Wurin aiki ne, yallaɓai. Shi ya sa nake kwanciya."

"Ban gane ba."

"In ban ɗan runtsa ba, ƙarfe uku na yi idona yashi yake cika. Kada kuwa ba ta san uzuri ba. Hutun nan na rabin awa, nawa ne ko na kamfani?"

"Naki ne," in ji shi. "Amma ɗakin na kamfani ne. In kina son barci, ga ƙofa nan, waje ba nawa ba ne."

Washegari aka liƙa sanarwa kusa da famfo: an hana barci a harabar kamfani, a lokacin aiki ko na hutu, wanda aka kama a bakin aikinsa. Kowa ya san don wa aka rubuta. Agogo ta tsaya ta karanta ta tun daga sama har ƙasa, ta ja tsaki mai tsawo, ta wuce.

Tun da ya ce waje ba nasa ba ne, ranar wajen ta fita. Titin gaban kamfanin babu ko bishiya, sai shagon masu facin taya da wani benci a inda ake jiran mota. Ta miƙe a kan bencin, ta rufe fuska. Ko minti uku ba a yi ba wata mata ta ƙwala ihu, "Jama'a, tsohuwa ta faɗi!" Kafin Agogo ta yaye ɗankwali an yi mata zobe. Wani yana yi mata fifita da jarida, wani yana neman mota a kai ta asibiti, wani bawan Allah mai son lada ya kwance gorar ruwa ya juye mata a ka.

"Barci nake yi!" ta ce, tana miƙewa, ruwa na bin wuyanta. "Barci! Ba ku taɓa gani ba?"

"Ayya, sannu Mama, kada ki yi saurin tashi," in ji mai jaridar, yana ta fifitarsa.

Ta koma bakin Kada a jiƙe, rai a ɓace. Gajera ta yi dariya har sai da ta sauko daga kan katakonta ta riƙe ciki.

Da yamma ta ba da labari a gida, ba don a tausaya mata ba, don dai abin ya fita daga ranta. Babban ɗanta, wanda ke aikin ofis kuma yake ganin ya san kan manyan mutane, bai yi dariya ba.

"Umma, don Allah ki rufa mana asiri. Mutumin nan sabo ne, neman wanda zai fara da shi yake yi. Minti goma sha biyar ɗin me? Ki sha shayi mai kauri. Mu ma a ofis haka muke yi."

"Ku a ofis me kuke ciyarwa? Takarda tana cin hannu?"

"Ni dai na faɗa miki. Ki tuna da katin Baba."

Ta tuna. Ai ba ta taɓa mantawa ba, ba ta buƙatar yaron da ta goya ya tuna mata. Amma ya fi ta gaskiya a wannan, ko haka ta ɗauka, sai ta haɗiye maganarta.

Ta bi doka. Ta sayi ganyen shayi, ta riƙa dafa shi baƙi ƙirin kamar baƙin mai, tana sha tana yamutsa fuska. Ta riƙa wanke ido a famfo, tana tsunkulin cinyarta ta cikin riga. Da hutu sai ta zauna a kan bokiti a tsakar zaure, ido buɗe, inda manaja zai gan ta ya ji daɗi. Gajera ta ɗauki nauyin hana ta gyangyaɗi: ta ba ta labarin maƙwabtanta kaf, da na dangin mijinta, da suka ƙare ta fara ƙirƙiro wasu. Ranar farko abin ya tafi. Ta biyu Agogo ta sa riga a bai-bai ba ta sani ba. Ta uku ta wuce inda take sauka a mota, sai da ta dawo da ƙafa. Ta huɗu ta daka wa surukarta tsawa a kan cokali, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga wa murya ba, har ita kanta ta ji nauyi.

Ranar ta biyar, wajen uku saura kwata, zafi ya cika zauren, fankokin manaja na ta juya iska mai ɗumi. Fararen zannuwa na ta tafiya, ɗaya bayan ɗaya, duk iri guda. Agogo ba ta ji zuwan abin ba. A ganinta idonta a buɗe yake. Tana kallon zani yana shiga, sai ta ga wai tana tsakar gida tana shanya, igiya ta yi mata nisa tana miƙa hannu. Duka-duka bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Ihun Gajera ne ya dawo da ita.

Kusurwar ta suɓuce daga yatsunta. Zanin ya karkace, ya murɗe, ya naɗe wuyan hannun Gajera ya ja shi ciki. Akwai wani jan ƙarfe a gaban bakin Kada wanda in hannu ya buge shi injin ke tsayawa. Ya tsaya ɗin, amma sai da bayan hannun ya taɓa gangar. Da aka warware zanin, fatar ta tashi tun daga gaɓoɓin yatsu har wuyan hannu.

Manaja ya fito a guje, fuskarsa ta sauya. "Me ya faru? Ya aka yi?"

Agogo ta buɗe baki. Gajera ta riga ta.

"Katako ne ya goce da ni, yallaɓai," ta ce, haƙoranta a cije. "Na taka gefe."

Nan take ya ba da umarni a kafe katakon da ƙusa, a shimfiɗa masa roba, a kawo mota a kai ta asibiti. Agogo na tsaye kamar an dasa ta, ba ta ce uffan ba. Ita ta riƙe hannun a ƙarƙashin famfo kafin motar ta juyo, ruwa na zuba a kai, Gajera na tsalle da ƙafa ɗaya.

"Me ya sa kika yi masa ƙarya?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"To in ce me, Yaya? In ce kin yi gyangyaɗi, a kore ki, Malam ya rasa kati? Hannu ne, zai warke." Ta yi ƙoƙarin murmushi, hawaye na zuba. "Ai ina da wani."

Wannan maganar ce ta fi ƙona Agogo. Da zagin ta Gajera ta yi, da ta ji sauƙi. Ta koma gida da maganar, ta kwana da ita, ta tashi da ita. Kunya take ji, kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba, a ƙarƙashin kunyar kuma fushi na tafasa. Ta san jikinta. Ta faɗa musu, suka ce ta sha shayi, ita kuma da girmanta ta sha.

Da safe aka haɗa ta da Maman 'Yan Biyu, wata mata daga sashen ninki da ba ta saba da Kada ba. Sai da suka riƙa ƙirgawa da baki. Tun safe har rana Agogo ba ta kallon zani, hannun matar take kallo, ɗan siriri, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Ɗaya, biyu, uku, a saki. Tana ƙirgawa tana lissafin yadda ƙarfe uku ke matsowa.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta wanke hannu, ta ci abincinta a tsaye. Ta shiga ɗakin ajiya, mutane suka kalli juna. Sai ga ta ta fito da yagaggen zani a kafaɗa. Ta ratsa zauren ba sauri, ta isa babban teburin ninki da ke tsakiya, daidai saitin gilashin manaja. Ta ture tawul gefe, ta shimfiɗa zanin, ta gyara kusurwoyinsa kamar mai jiran baƙo. Ta cire takalmi ta jera su a ƙasa, ta hau, ta miƙe.

Zauren ya yi tsit. Masu ci suka tsaya da cokali a hannu. Manaja ya ɗago kai daga takardunsa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya fito.

"Mama, mene ne haka?"

"Barci zan yi, yallaɓai. Na ga a ɓoye ba ka so, na ce bari in yi a sarari."

"Ba ki karanta sanarwa ba?"

"Na karanta. Kwana biyar na bi ta. Jiya ka ga abin da ta haifa."

"Jiya katako ne ya..."

"Katakon nan shekara takwas bai goce ba, sai jiya?" Ta tashi zaune, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji. "Ni ce na goce. A tsaye na yi barci, zani a hannuna. Ni na ƙona hannun Gajera, ta rufa min asiri, ni kuma na yi shiru kamar munafuka. To na gama shirun."

Wani ya ce "Kai!" daga baya. Maman 'Yan Biyu ta dubi hannunta, ta ɓoye shi a hammata.

"Kin san abin da kika faɗa yanzu?" in ji manaja. "A gaban mutane?"

"Da bakina na faɗa. Barcin nan, yallaɓai, sai na yi shi. Ba roƙo nake ba, labari nake ba ka. Ko in yi shi a kwance ƙarfe ɗaya, ko ya yi ni a tsaye ƙarfe uku. Na gwada naka, ga nawa."

"In aikin ya fi ƙarfinki, sai ki faɗa. Shekaru ba wasa ba ne. Akwai masu jini a jika da ke nema."

"Shekara goma sha tara ko tawul ban taɓa ƙonawa ba. Ka duba takardunka. Ba tsufa ne ya zo makon nan ba, sanarwa ce ta zo."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ido arba'in na kansa, kuma ya san in ya ja da baya yau, gobe ba mai jin maganarsa. "Ki sauko daga teburin nan."

Ta leƙa agogon bango. "Ɗaya da rabi zan sauko. In kora ce, ka kore ni a lokacin aiki. Yanzu hutu nake."

Ta koma ta kwanta, ta ja gefen ɗankwali ta rufe fuska.

Gaskiyar magana, ba ta yi barci ba. Mutanen zauren sun ɗauka ta yi, har gobe ma haka suke ba da labari, amma ko kusa. A cikin duhun ɗankwalin ba abin da take gani sai katin nan, shuɗi, mai hoton mijinta tun yana da ƙiba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ji takun manaja ya tafi, ta ji ƙarar injin buga takarda a ofis, ta ji takun ya dawo. Sau biyu ta kusa tashi ta ce ta tuba. Sai ta tuna da Gajera mai cewa tana da wani hannun, ta danne bayanta a kan teburin ta ƙi motsi.

Da lokaci ya cika ta yaye ɗankwali. Yana tsaye da takarda. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ki tafi gida yau. Wannan takardar alkawari ce, cewa ba za ki sake kwanciya a harabar nan ba. Ki sa hannu ki kawo gobe da safe, maganar jiya ma in bar ta a katako. In ba haka ba, ki zo da katin aiki da na asibiti ki ajiye. Ba na son in kore ki, Mama. Ki sa hannu kawai a wuce wurin."

"In na sa, gobe ƙarfe uku wa zai tsaya kusa da ni? Kai?"

Ya dai miƙo mata. Ta karɓi takardar, ta ninke zaninta gida huɗu, ta sa takalmi ta fita, ba ta waiwaya ba.

Rabon da ta ga unguwarsu da rana tsaka a ranar aiki har ta manta. Surukarta na wanke-wanke ta gan ta, ta saki kwano. Ba a yi awa guda ba babban ɗan ya iso, matarsa ta kira shi a waya, ko takalmi bai cire ba ya shigo ɗakin mahaifinsa. Tsohon na jingine da filo biyu a gadonsa na bakin taga, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, kofin roba a kan kujera kusa da shi. Ɗan ya karɓi takardar ya karanta da ƙarfi, ya sake karantawa.

"Umma, wannan ai mutumin kirki ne! Wani manajan da tuni ya sa masu gadi sun fitar da ke. A kan tebur? A gaban mutane? Sa hannu kawai ya ce. Ki sa, in ya so ki riƙa ɓuya a bayan gida ki ɗan runtsa, wa zai sani?"

"In sa hannu a kan ƙarya, in koma barci a kan masai kamar ɓarauniya?"

"To ki bar barcin!"

"Na bari. Je ka asibiti ka ga hannun Gajera."

"Gajera ba uwata ba ce, ba kuma ita ke kwance a nan ba." Ya nuna gadon. Muryarsa ta karye, don shi ma tsoron ne ke cin sa. "Ranar Litinin zai ga likita. Maganin da ya rage na kwana tara ne. Ni abin da nake samu kin sani. Ki dube shi, Umma. Ki dube shi ki ce ba za ki sa ba."

Ta dube shi. Hannun dama a kwance a kan bargo kamar ba nasa ba, bakin a karkace, gashin da ta aske masa shekaranjiya ya fara tsirowa fari. A gaban manaja ta iya tsayawa, a nan kuwa ta kasa. Taurin kanta nata ne, amma jinin da zai hau ba nata ba ne. Wace ce ita da za ta yi jarumta da jikin wani? Ɗan ya zaro biro daga aljihu ya miƙa mata. Ta karɓa. Ta ɗora takardar a kan cinyarta, ta nemi layin.

Tsohon ya buga gefen gado da hannun hagu.

"Malam, ruwa?" ta ce.

Ya girgiza kai. Ya nuna takardar, ya buɗe tafin hannu.

Ta miƙa masa, ta sa masa tabarau. Ya daɗe yana karantawa, leɓensa na motsi. Da ya kai ƙarshe ya ɗago ido ya dube ta.

"Hannun," ya ce da ƙyar. "Ya... ya yake?"

"Daga nan zuwa nan," ta nuna a nata hannun. "Fatar ta tashi. Sun ce yatsun za su yi aiki."

"Ke... ce?"

"Ni ce, Malam."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗaga takardar zuwa bakinsa, suka ɗauka gani ne bai yi da kyau ba. Sai ya cije gefenta da haƙoran da ke ɓangaren lafiya, ya damƙe ɗaya gefen da hannun hagu, ya ja. Takardar ta ƙi. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya sake ja, ta yage biyu. Ya haɗa guntayen a kan ƙirjinsa yana haki, ya sake cizawa.

"Baba!" Ɗan ya yi tsalle. "Baba, maganinka fa!"

Tsohon ya tofar da guntun takarda da ya liƙe masa a leɓe. Ya huta, ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ni... ke sha."

Agogo ta zauna da biro a hannu, ba takarda. Ta so ta yi masa faɗa, ta so ta yi kuka, ta rasa wanda za ta fara. Shekara uku tana juya mutumin nan kamar jariri, har ta manta irin taurin kan da ta aura. Tsoron bai tafi ba, yana nan daram, kuma ba ta san abin da za su yi bayan kwana tara ba. Amma wani nauyi ya sauka daga kafaɗarta, ta ji idonta ya fara lumshewa.

Ya nuna mata tabarmar da ke ƙasan gadon. "Ke. Kwanta."

Ta ajiye biron a kan kujera kusa da kofin. Ta sauka kan tabarmar, ta juya fuskarta bango. Surukarta ta lallaɓa ta kashe rediyo. Da ɗan ya sake buɗe baki zai yi magana, tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna masa ƙofa.